Wane Yawu Muke Gudu?

Duk wanda ya tsaya bakin titin Jos a Bukan Sidi, cikin garin Lafiya, da hantsi, wajen masu sayar da doya da lemo da rake, zai ga mata da goyo suna ciniki. In ya lura da bayan rigunansu, tsakanin kafaɗa da kafaɗa, zai ga ɗan jiƙo mai faɗin tafin hannu. Yaro ne ya kwantar da kumatu ya yi barci, baki a sake, yawu na dalala. Uwar ba ta ma sani ba, in kuma ta sani ba ta damu ba. Da ta sauke shi sai ta sa gefen zani ta goge masa haɓa, ta ci gaba da taya kashin doyarta. A gida kuwa kaka ce za ta ɗaga shi sama, yawun na ɗiga mata a fuska, tana dariya tana cewa, “Maigida, da wannan za ka biya ni kuɗin cefanen?” Ban taɓa ganin wanda ya yatsine fuska don yawun jariri ba.

To amma bari yaron nan ya kai shekara 6 yawun bai tsaya ba. Ko kuwa bari wani saurayi ya yanke jiki ya faɗi a wannan bakin titin, yana karkarwa, kumfa na fita ta gefen bakinsa. Nan take za ka ga an dare, an yi da'ira daga nesa, kowa na jan ɗansa baya. Yawun bai sauya ba, daga inda na jaririn ya fito nan ya fito. Mu ne muka sauya. Abin da ke damuna shi ne mun ɗora tsoronmu a kan yawun da ba ya cutar da kowa, mun kuma saki jiki da wanda ke kisa.

Yawu ba datti ba ne da jiki ke neman hanyar zubarwa. Manyan maɓuɓɓugai 6 ne ke samar da shi, uku a kowane gefen fuska: ɗaya a gaban kunne, inda hangum ke kumbura, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. Baligi mai lafiya yakan samar da abin da ya kama daga rabin lita zuwa lita 1.5 a kowace rana. Kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne, ɗan abin da ya rage shi ke fara narkar da abinci tun a baki, ya wanke haƙora, ya karya lagon ƙwayoyin cuta. Shi ya sa in ka daɗe kana tauna dafaffiyar doya za ka ji ta soma zaƙi. Duk wannan ruwa haɗiye shi muke yi, sau ɗaruruwa a yini, ba tare da mun sani ba. Haɗiyar kuwa aikin gayya ce: leɓe ya rufe, harshe ya tura, maƙogwaro ya karɓa, ƙwaƙwalwa kuma ta ba kowa lokacinsa. Mafi yawan masu dalala ba yawan yawu ke gare su ba, haɗiyar ce ta samu tangarɗa. Kamar kwatar unguwa ne da damina: ruwan da ya malalo cikin gida bai fi na bara ba, magudanar ce ta toshe. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin maganar, domin zai daina tambayar me ya sa wane ƙazami ne, ya koma tambayar me ya hana shi haɗiya.

Jariri yakan fara dalala tun yana wata 2 zuwa 3, don bai iya haɗiya da kyau ba tukuna, kuma yawanci yakan daina kafin ya cika shekara 2. Wajen wata 6 haƙori ya fara tsagowa, dasashi na ƙaiƙayi, yawu ya ƙaru. Nan ne matsala ta farko take. A daidai wannan lokaci ne garkuwar da yaro ya samo daga jikin uwarsa ke raguwa, a lokacin ne kuma yake koyon zama da rarrafe, komai ya tsinta a ƙasa sai baki. Sai gudawa ta zo, sai zazzaɓi. Uwa ta ce za ta kai shi asibiti, surukarta ta ce, “Haƙori ne, ki ƙyale shi. Duk haka ubansa ya yi.” Inna ba mugunta take nufi ba, abin da ta gada ne. Amma haƙori ba ya kawo gudawar da ke zurma idon yaro, ba ya kawo zazzaɓi mai zafi rau. Waɗannan cututtuka ne masu zaman kansu, maleriya ce ko ƙwayar cuta a hanji, suka fake a bayan haƙori. Yara da yawa sun tafi da sunan haƙori, alhali ruwan gishiri da sukari da gwajin jini sun isa su tsayar da abin.

Maganin haƙorin ma ya taɓa zame mana masifa. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wani maganin ruwa mai suna My Pikin ya yi ajalin yara 84 a Najeriya, Zariya na cikin wuraren da aka fara ganin abin. An haɗa shi da wani sinadari mai kashe ƙoda, irin wanda ake sawa a man birki, har hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin. Iyayen yaran nan ba sakaci suka yi ba, so ne ya sa suka sayi magani don abin da ba ya bukatar magani. Tsaftataccen ƙyalle da abin taunawa mai tsabta sun ishe yaro mai haƙori.

Idan yaro ya wuce shekara 4 yana dalala da rana ido biyu, lallai a bincika. Wani lokaci hanci ne a toshe ko ciwon maƙogwaro ya sa yake numfashi ta baki. Wani lokaci kuma rauni ne ƙwaƙwalwa ta samu tun wajen haihuwa. A ƙasar nan abubuwa uku ne suka fi jawo wannan: doguwar naƙuda har jariri ya fito bai yi kuka ba, shawara mai tsanani a makon farko, da cututtukan da ke taɓa ƙwaƙwalwa irin su sanƙarau. Shawarar nan ta fi ba ni takaici, domin ido na ganinta. Idon jariri ya yi ɗorawa, a ce a shanya shi a hantsi, a ba shi ruwan sukari, ana jiran suna. Ga kafur kuma an zuba a akwatin kayansa don ƙamshi, alhali kafur na fasa jinin wasu jarirai ya ƙara shawarar. A asibiti fitila ce ta musamman ake kwantar da shi a ƙarƙashinta, in abin ya yi yawa a sauya masa jini. Kwana biyun da aka ɓata a gida kan zama jinyar rayuwa.

Ku shiga gidan da ke da irin wannan yaro ku ga aikin uwarsa. Ƙyalle ne ɗaure a wuyansa, kafin azahar ta sauya shi ya fi a ƙirga, igiyar shanya ba ta rabo da tsummoki. Ƙarƙashin haɓarsa ya yi ja ya saɓule saboda danshi, tana shafa masa man kaɗanya. Loma ɗaya ta kunu sai ta bi shi da haƙuri, rabi ya shiga rabi ya dawo, ta sa cokali ta kwaso ta mayar. Ita ba ta ƙyamarsa. Abin da ke karya mata zuciya shi ne ranar biki, inda za ta ga an ware masa kofi, ko ta ji wata ta ja ɗanta tana cewa, “Zo nan, kar ya shafa maka.” Daga nan sai ta daina fita da shi, daga baya ita ma ta daina fita. Yaran unguwa su sa masa suna dolo ko gaula, wasu manya su yi ta raɗa cewa ɗan ruwa ne, a kai shi bakin rafi ya koma inda ya fito. Subhanallahi. Da yawa daga cikin yaran nan hankalinsu garau yake, suna jin duk abin da ake faɗa, bakin ne kawai ba ya yi musu biyayya. Ana kuwa iya taimaka musu. A manyan asibitoci akwai sashen gashin ƙashi inda ake koya wa uwa yadda za ta zaunar da yaro kai a miƙe, da yadda za ta ciyar da shi ba tare da ya shaƙe ba. Gwamnatin tsohon gwamna Umaru Tanko Al-Makura, wanda shi kansa zazzaɓin Lassa ya taɓa masa ji, ta gina makarantar masu bukata ta musamman a Lafiya, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a 2018. A Janairun 2019 kuma aka sa hannu a dokar tarayya da ta haramta nuna wa nakasassu bambanci. Gini da doka alheri ne, amma ba su ke miƙa wa yaro kofi a gidan biki ba.

Sai babbar maganar, wato farfaɗiya. Kusan kowa ya tashi da jin cewa wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, ko ya tsallake inda ya zuba, shi ma zai kamu. Shi ya sa in mutum ya faɗi ake tserewa, bayan ya tashi a zo da toka ko ƙasa a rufe wurin. Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan. Farfaɗiya ba ƙwayar cuta ba ce da za ta bi yawu ko numfashi ko kwano. Ƙwaƙwalwa tana aiki da wasu saƙonni na lantarki, idan suka rikice na ɗan lokaci sai jiki ya sandare ya shiga jijjiga. A wannan hali mutum ba ya haɗiya, iska kuma na fita da ƙarfi ta cikin yawun da ya taru, shi ne kumfar da ake gani. In akwai jini a ciki, harshensa ya ciza. Abin da kan jawo ta sanannu ne: wahalar haihuwa, maleriyar da ta hau kai, sanƙarau, shanyewar ɓarin jiki, da buguwa a ka. Duk matashin da ke gudu da babur a titin Jos babu hular kwano ya fi kusa da farfaɗiya fiye da wanda ya goge wa mai ita baki. Akwai kuma waɗanda ba a gano dalilinsu ba ko an bincika.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in suka samu magani suka riƙe shi. Magungunan ba sababbi ba ne, wasunsu masu araha ne, sharaɗinsu kawai kada a yi fashi. Amma wa zai je karɓar magani ga ciwon da ake ɓoyewa? Yarinya ta faɗi sau ɗaya a aji, iyayen sauran yara su tayar da hankali, a ce ta zauna gida. An sa rana, dangin miji su ji labari, a maido da kaya. Matar aure ta faɗa murhu tana girki, kishiya da maƙwabta suna tsaye suna salati, babu mai jawo ta don tsoron yawu, kafin ta farfaɗo hannu ya ƙone har ƙashi. Ba ciwon ne ya ƙona hannun nan ba, tsayuwar mutane ce.

Waɗanda suka yi ta maza suka matso ma sau da yawa ɓarna suke ƙarawa. A danne mutum, a ɓamɓare baki a cusa cokali wai kada ya haɗiye harshe, a ɗura manja, a tura hayaƙi. Babu mai haɗiye harshensa. Cokali haƙori yake karyawa, manja kuma huhu yake gangarawa. Abin da ake bukata kaɗan ne: a janye shi daga wuta ko ruwa ko titi, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a sassauta masa wuyan riga, a juya shi ya kwanta a gefe don yawun ya zubo waje, kada a sa masa komai a baki. Yawanci cikin minti 2 zuwa 3 abin zai lafa. In ya wuce minti 5, ko ya dawo bai farfaɗo ba, sai asibiti. Bayan ya farfaɗo a rufa masa asiri, a kori 'yan kallo, a goge masa fuska, a zauna da shi har hankalinsa ya dawo. Yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga, wanda ake cewa bugun tsuntsu, shi ma haka za a yi masa, sannan a garzaya a nemi dalilin zazzaɓin.

Ban san inda muka samo wannan ƙyama ba, amma ba daga addini ba ne. A fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure, yawun ɗan Adam mai tsarki ne, ba ya ɓata tufa, ba ya hana salla. An ruwaito cewa an ga Manzon Allah (SAW) ɗauke da jikansa a kafaɗa yawun yaron na zuba a jikinsa. Bukhari da Muslim sun kawo labarin matar nan mai farfaɗiya da ta zo ta kai masa kukanta, bai kore ta ba, ya yi mata albishir da Aljanna in ta yi haƙuri, ya kuma roƙa mata Allah kada tufafinta su riƙa yayewa in ta faɗi, har Ibn Abbas yana nuna ta ga almajirinsa a matsayin 'yar Aljanna. Maƙwabtanmu Kirista su ma suna karanta labarin yaron da aka kawo wa Annabi Isa (AS) yana kumfar baki, ya kama hannunsa ya tashe shi. Mu da muke kai 'ya'yanmu wurin malam ya yi musu tofi, ina muka ga hujjar gudun ɗan'uwanmu a ranar da ya fi bukatar mu? Addu'a ba ta hana magani, magani ba ya hana addu'a. A yi ruƙiyya in ana so, amma kada a ce wa mara lafiya ya ajiye ƙwayoyinsa, domin yanke su farat ɗaya na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa.

Yanzu ga yawun da ya cancanci tsoro. Yaro na wasa a lungu, karen maƙwabta ya cafke shi a ƙwauri. Ciwon ba wani babba ba, huda biyu da ɗan jini. Mai karen ya fito yana ba da haƙuri, “Wallahi Baban Yara, karen gida ne, bai taɓa cizon kowa ba.” Don zaman lafiya sai a bar maganar. A tsigo gashin karen a ƙona a shafa a wurin, ko a je kemis a wanke a manna filasta. Ciwon ya warke, kowa ya manta. Idan karen na ɗauke da cutar haukan kare, ƙwayar ta riga ta shiga tare da yawunsa, tana bin jijiya a hankali tana hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Ranar da za ta bayyana, yaro ya fara zazzaɓi da firgita, ƙishirwa na cinsa amma da ya ga ruwa sai maƙogwaro ya shaƙe, ko yawunsa ba ya iya haɗiyewa. A nan ma sai a ce aljanu ne, don babu mai tuna karen. Daga wannan mataki kusan babu mai tashi, ko a wane asibitin duniya aka kai shi.

Wannan cuta tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu daga kare suka samu, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, saboda su ke wasa da karnuka, su ke kuma ɓoye cizo don tsoron faɗa. Abin baƙin cikin shi ne rigakafinta ya daɗe a duniya, tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro da shi a Faransa. Titin nan da ya ratsa Bukan Sidi in ka bi shi ta Akwanga ka hau Filato, zai kai ka kusa da Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924, kuma tana yin allurar rigakafin karnuka. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar za ta daina yawo a wurin. Mu kuwa muna da karnukan gadi da na farauta, amma nawa ne ke da katin allura?

Akwai wasu yara biyu da bai kamata a kwana da su a gida ba. Yankin Lafiya ƙasar noma ce, ga doya ga riɗi ga agushi, don haka maganin ƙwari ba ya yankewa a gidaje, balle fiya-fiyar da ake ɗurawa a robar lemo. Yaron da aka gani kwatsam yawu na ambaliya daga bakinsa, yana gumi da amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, a duba ko ya sha ko ya yi wasa da irin wannan. Kada a tsaya ba shi manja ko madara ko a sa shi amai, a cire masa kayan da suka jiƙe, a ɗauki robar a tafi da ita asibiti, akwai allurar da ke karya dafin. Na biyu shi ne yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, wuya ya kumbura, ya kasa haɗiyar yawu, numfashi na ƙara. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 ya bazu zuwa wasu jihohi haka yake zuwa, kuma shi kam ana ɗauka ta tari da atishawa. Allurar da ake yi wa jarirai kyauta a mako na 6 da na 10 da na 14 tana kare su daga gare shi.

Roƙona ga masu unguwanni da limamai da fastoci da malaman makarantun Bukan Sidi da kewaye shi ne su ɗauki wannan magana su kai ta inda takarda ba ta zuwa. A faɗa a huɗuba da taron iyayen yara cewa ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, a koya wa ɗalibai yadda ake juya wanda ya faɗi, a mayar da yaran da aka cire daga aji saboda ita. Mai kare ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allura, ya kuma ajiye katin. Kai kuma mai karatu, ka gaya wa 'ya'yanka yau cewa duk wanda kare ko kyanwa ta ciza ko ta yakusa ya zo ya faɗa, ba za a doke shi ba. In ya faɗa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a kai shi asibiti a fara masa allurar rigakafi a ranar, kada a jira a ga abin da zai faru.